Waƙar Gayya a Bayan Tagar Mai Takaba

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ruwa ya tsare ni a shagona na ɗinki a Kurudu, tun bayan azahar har gab da magariba. Irin ruwan nan ne na tsakiyar damina da ba ya zuba da ƙarfi a huta, ba ya kuma ɗaukewa, sai ya yi kamar zai tsaya ya sake dawowa. An ɗauke wuta, keken ɗinki ya tsaya, titi ya koma kwata. Ina zaune ina warware wata riga da na ɓata, sai na jiyo matan cocin da ke bayan layinmu sun fara gwajin waƙa, ana buga tulun nan nasu mai amo daga ciki, ana kaɗa kacau-kacau. Maƙwabciyata mai sayar da kayan shayi ta leƙo tana tsaki, wai ga ruwa ga hayaniya, mutum ya rasa inda zai sa kansa. Na ce mata ni dai a bar mini ƙofata a buɗe. Ta dube ni da hijabina har ƙasa, ta ce ashe Hajiya ma ana taɓawa. Amsar wannan doguwa ce, kuma ta haura shekara ashirin.

A Orozo muke zaune a lokacin, ni da maigidana Malam Auwalu. Ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati a cikin gari, albashinsa bai kai na haya a can ba, don haka muka kama ciki da falo a gidan wani manomi Bagbagyi, mutanen da a gida muke kira Gwarawa. Orozon wancan zamani ba wannan ba ce. Daga ƙofar gida kana hango tudun doya da dawa har gindin duwatsu, mata suna wucewa da ice a kafaɗa, ba a ka ba irin namu. Hanyar da ta taso daga Karshi zuwa Nyanya kuwa, da damina sai wanda ya yi niyya. Yanzu in na bi ta wurin ba na gane ko unguwar, gidajen haya ne jere da shagunan cajin waya, kowane matashi ya toshe kunnensa yana jin waƙarsa shi kaɗai.

Matar mai gidan, Mama Ladi, ita ta sa mijinta ya yanka wa Malam wani ɗan fili a bayan tagar ɗakinmu ya riƙa nomawa. Shi kuwa ɗan 'yan kasuwa ne daga Funtuwa, biro ya sani, bai san garma ba. Asabar da Lahadi yake fita ya yi ta fama, ya dawo hannu duk kanta. Huɗar da ya yi a shekarar ta fara a miƙe, ta lanƙwasa a tsakiya, ta je ta haɗe da ta kusa da ita. Na tsaya a taga na yi ta yi masa dariya, ya ce masara ba ruwanta da layi, ciki take nema.

Ni kuma Allah ya yi ni da son waƙa. Ina wanki ina yi, ina daka ina yi, in babu wadda na haddace sai in ƙirƙiri tawa a kan tukunya ko a kan kajin Mama Ladi. Malam yana da rediyo mai kaset, amma yakan ce asarar batir yake yi, tunda ga gidan rediyon Orozo a ɗakinsa wanda ba a ɗauke masa wuta.

Ya gama shuka ranar wata Lahadi, ya shigo yana cewa jikinsa ba daɗi. Zazzaɓi ne. Kafin mako ya zagayo an kai shi makwancinsa. Bai ga tsiron masararsa ba. 'Yarmu Nana tana da wata uku a duniya.

Daga Funtuwa aka zo da yawa, aka koma, aka bar mini Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifinsa wadda ta raine shi tun yana yaye. Na so in bi 'yan'uwana gida, amma Gwaggo ta ce mace a ɗakin da mijinta ya bar ta take takaba, malamai ma suka ce haka ne. Na zauna. Ta shimfiɗa tabarmarta a falo, bakin ƙofa, ta yadda ko bayan gida zan fita sai na tsallake ƙafarta. Ta kwashe kwalli da turare da madubi ta zuba a kwalla. Ta naɗe rediyon Malam a tsohon zane ta ɗora a saman kwaba. Ta ce mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta sauri, ba ta leƙen taga, ba ta kuma kuka mai sauti, don kukan yana ƙona mamaci. Wanne ne na littafi wanne ne na Funtuwa, ban sani ba, ban kuma da ƙarfin tambaya. Ba muguwar mace ba ce. Ɗanta ne ya mutu, kuma abin da ta iya yi masa ke nan, ta tsare masa takabar matarsa ba tare da ko tabo ba.

Bayan sadakar bakwai da kwana biyu Mama Ladi ta yi kuskuren da har ta tsufa tana tuna mini. Ta tara matan zumuntar cocinsu, sun ɗaura zane iri ɗaya, suka shigo tsakar gida da doya da ice da gorar manja, suka yi da'ira a ƙofarmu. Sai kawai na ji an buga tulu, mace ɗaya ta ɗauki waƙa, saura suka amsa. A wurinsu haka ake gaisuwar mutuwa, ba a barin mai rashi da shiru. Gwaggo tana kan sallaya. Ban taɓa ganin tsohuwa ta miƙe da sauri irin na ranar ba.

"Biki ake yi a gidan nan?" in ji ta. "Ɗana ne ya mutu."

Kiɗan ya tsaya cak. Mama Ladi ta durƙusa ta ce, "Mama, sori. Gaisuwa ne mun kawo. Haka muna yi a wajenmu."

Gwaggo ta ce an gode, amma nan gidan takaba ne, su kwashe tukunyarsu. Suka fita sumui-sumui, ko kacau-kacau ɗaya bai yi motsi ba. Doyar da icen suka bari a bakin ƙofa. Ina ciki ina jin komai, kunya kamar in nutse, amma a ƙasan kunyar akwai wani abu da ban gaya wa kowa ba. Ɗan abin da suka rera kafin a tsayar da su ya shige ni, na so a ce an bar su sun kai ƙarshe.

Daga nan marka ta kama. Sama ta rufe ruf, rana sai ta yi kwanaki ba a ga idonta ba. Da asuba Gwaggo takan tashe ni, mu yi salla, ta fita rumfa ta yi ta fama da jiƙaƙƙen ice, don kananzir ya yanke tunda motoci sun daina shigowa. Hayaƙi ya cika ɗaki, ido yana ruwa, kafin wuta ta kama an gaji. Rufin kwanon yana yoyo wuri uku, muka jera bokiti da kwano da tukunyar miya. Tsummokin Nana ba sa bushewa, sai muka ɗaura igiya a cikin ɗaki, kullum kai yana karo da su. Bango ya yi funfuna, tabarma tana warin danshi, gishiri ya narke a cikin kwalba, ashana sai an sa ta a hammata ta ɗumama kafin ta kama. Masarar da Malam ya bari a buhu ƙwari suka shiga, mu tankaɗe mu tuƙa haka nan. Miya kuwa kuka ce yau, gobe tafasa da Gwaggo ke tsinkowa a gindin katanga, ba nama ba kifi. Lokacin ne da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ko a gidan masu gona sau biyu ake ɗora tukunya.

Ni iyakar duniyata daga gado zuwa ƙofa. Na san kowane tsagi na bangon nan. In azahar ta yi in zauna in jira la'asar, in la'asar ta yi in jira magariba. Ba mai shigowa, don tun abin da ya faru matan gida daga nesa suke gaisuwa. Gwaggo ba ta hira, carbi kawai take ja. In maganar Malam ta kama sai ta ce marigayi. Ni dama ban taɓa kiran sunansa ba, ko yana raye, mace ba ta faɗin sunan miji a wurinmu. Sai ya zama mutumin da ya cika ɗakin nan da surutu ya fita, har sunansa ya bi shi. Na ji kamar tare aka binne mu, shi a maƙabarta, ni a ciki da falo.

Abinci ya daina wuce mini. Ba ƙi nake yi ba, in na kai loma baki sai maƙogwaro ya rufe. Gwaggo ta dama kunun kanwa, ta dama na gyaɗa, ta yi lallashi, ta yi faɗa, in kurɓa sau biyu in ture. Ba a daɗe ba nono ya fara ja baya, sannan ya ƙafe. Nana ta kama ta tsotsa ta tsotsa, ta saki, ta callara kuka, in juya ta ɗaya gefen, haka. Muka gwada koko mai ruwa-ruwa da cokali, ta dawo da shi. Madarar gwangwani sai Nyanya, hanya kuwa ta yanke, ko da ba ta yanke ba ba abin da za mu dawwama a kai ba ne. Wata mai kemis da aka kira ta duba ta, ta ce yarinyar lafiyarta ƙalau, yunwa ce, uwar za a yi wa magani, maganin kuma abinci. Ina kallo wuyan hannun Nana ya zama kamar kara, maɗigarta ta faɗa, kukanta ya koma siriri irin na ɗan kyanwa. Tsoro ya kama ni sosai. Na san in aka ci gaba a haka zan rasa ta, kuma ni ce sanadi, amma sanin bai buɗe mini maƙogwaro ba.

Ana cikin haka gonar bayan taga ta cika da tofa da harƙiya har sun fi masarar tsawo. Ban gani ba, Gwaggo ce ta faɗa, ta ce gonar marigayi ta mutu ita ma.

Wata safiya ruwa ya ɗan tsagaita, sai na ji muryoyin mata a bayan ɗaki da ƙarar fartanya. Mama Ladi ce ta kira gayya. Ta aiko wa Gwaggo cewa ba za su iya kallon shukar mamaci ta lalace a bayan gidansu ba, abin kunya ne a wurinsu. Gwaggo ta sa albarka, don wannan ba abin da za a ƙi ba ne. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, matan nan ba sa noma da baki a rufe.

Suka jeru, aka fara. Mace ɗaya mai siririyar murya tana bayarwa, saura suna amsawa, fartanyoyi suna sauka tare a kan gaɓar waƙar kamar hannu ɗaya ke riƙe da su. Da yarensu suke yi, ban ji ko kalma ba. Amma waƙa ce mai tashi, irin wadda ke ɗaga ƙirji, in ta kai wani wuri sai wata ta rangaɗa guɗa su kwashe da dariya. Gwaggo ta tashi ta ja tagar katakon ta sa sakata. Ba ta iya fita ta hana ba, ba a ƙofarta suke ba, kuma aikin ɗanta suke yi. Tagar kuwa duk tsaguwa ce, waƙar ta shigo abinta. Ina zaune da Nana a cinya, can na lura babban yatsan ƙafata yana motsi. Na yi sauri na ja zane na rufe shi.

Washegari suka dawo. Rana ta ɗan fito, ƙasa tana tururi, ƙanshin ciyawar da aka tuge yana shigowa ta tsagin taga. Suna tsakiyar gona sai na ji Mama Ladi ta karɓi bayarwa, ta juya waƙar zuwa Hausa, irin Hausarta. Da gangan ta yi, kuma dab da tagata ta tsaya. Cewa take Malam Auwalu mai biro, ya zo gona da takalmin ofis, ya yi huɗa ta tafi Karshi ta dawo ba ta gamu da mota ba. Matan suna amsawa, Auwalu sannu da aiki, Auwalu masara ta gode. Ta bi shi tiryan-tiryan, yadda yake gaida kowa sau biyu, yadda ya taɓa gudu ya bar garma don ya ga hawainiya.

Sunansa ne a bakin mata sun fi goma, da rana tsaka, cikin dariya. Ban san lokacin da dariyar ta kuɓuce mini ba, don hawainiyar nan ni na san zancenta, har cewa ya yi kar in gaya wa kowa. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta juye kuka. Na yi kukan da aka hana ni tun ranar da aka fita da shi, da sauti, har da shessheƙa, Nana tana jijjiga a jikina. Na jira Gwaggo ta tsawata. Sai ta juya mini baya tana fuskantar bango, carbin yana hannunta amma ba ya tafiya.

Da kukan ya lafa sai na ji wani abu da na manta kamanninsa. Yunwa. Irin ta gaske, mai murɗa ciki. Kwanon kunun safe yana nan a gefen gado ya huce har ya yi fata a sama. Na ɗauka na shanye tas, na sa yatsa na suɗe. Na ce wa Gwaggo ko akwai sauran ɗumame. Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta fita rumfa ta ɗebo mini. Ranar har doyar matan zumunta na ci da manja, wadda ta rage.

A rana ta uku ma na ci, suna waƙa ina ci. Nonon bai dawo ba tukuna, amma na fara jin nauyi da ɗan tsiko-tsiko a ƙirji. Sai dai gonar ƙarama ce. Kafin la'asar sun gama, sun gyara har huɗar da ta karkace, suka saɓa fartanyoyi suka tafi, muryoyinsu suna nisa har suka ɓace.

Ruwa ya dawo, shirun ma ya dawo, kuma ya fi na da nauyi tunda yanzu na ɗanɗana wani abu. Ɗigar ruwa a bokiti, ƙwas-ƙwas ɗin carbi, sai numfashin Nana. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na rera waƙar a zuci, amma ba ta tashi, waƙar gayya ba ta mutum ɗaya ba ce. Da safe na sha rabin kunu, washegari ko rabin ban kai ba. Nauyin ƙirjin ya fara saki. Nana ta daina ma kukan, sai ta kwanta ido a buɗe tana kallon igiyar tsummoki, wannan ya fi kukan tayar mini da hankali. Gwaggo tana ɗaukar kwanon tana dubawa kamar mai duba zanen hannu.

Da yamma ta yafa mayafi ta fita cikin yayyafi. Gida ɗaya muke, don haka ina jin ta ta yi sallama a ƙofar Mama Ladi, ƙofar da ba ta taɓa takawa ba. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta yi godiyar aiki. Sannan ta yi gyaran murya.

"Gonar nan kamar akwai sauran ciyawa ta wajen kwari."

"Babu, Mama. Mun cire duka, ko ɗaya bai rage ba."

"Ki dai sake dubawa. Idona ya ga wata."

Gwaggo ce fa, wadda ni ke zura mata zare a allura, wadda ko sau ɗaya ba ta taka gonar ba. Can Mama Ladi ta ce, a hankali, "Gaskiya ne, Mama. Akwai. Gobe za mu zo."

"Amma ban da tukunyar nan."

"Ba tukunya. Fartanya kawai."

Suka zo kuwa, su da suke da nasu gonakin suna jiran maimai, da nasu yaran da nasu ƙarancin. Suka jeru a gonar da ke fes kamar tsakar ɗaki, suna kankarar ƙasa tsirara, suna waƙa. Gwaggo da kanta ta zare sakatar ta tura tagar, ta ce ɗakin ne ya yi warin danshi. Ta koma ta zauna nesa da ita, ta ba ta baya. Iska ta shigo, da haske, da koren masarar da ta miƙe har ƙugu. Ban leƙa ba, ban karya mata doka ba, daga gado nake hango sama-sama. Na shanye kunu, ta ƙaro, na shanye. Haka suka yi ta zuwa suna yin awa ɗaya ko biyu kafin su wuce nasu aikin, ni kuma ina ci kamar mai ramuwar jinya.

Ban riƙe ko rana ta nawa ba ce. Na dai san hantsi ne, suna can ƙarshen gona suna waƙar Malam, na ɗauki Nana na sa ta a nono kamar kullum, ba tare da sa rai ba. Ta kama. Na jira ta saki, ba ta saki ba. Wani zafi ya tsarga mini daga kafaɗa zuwa ƙirji, ɗaya gefen ya jiƙa mini riga. Sai na ji wani ɗan sauti ƙasa-ƙasa daga wuyanta, na kasa gaskata kunnena.

"Gwaggo," na ce. "Zo ki ji."

Ta rarrafo a kan gwiwa, ta kawar da ɗankwali, ta kara kunnenta a wuyan yarinyar. Daidai lokacin matan suka kai bakin kwari, waƙar ta ƙare, suka tsaya shan iska. Ɗakin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai haɗiyar Nana, ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta daɗe a durƙushe. Sannan ta dafa gado ta miƙe, ta taka har bakin tagar da ta hana ni leƙawa, ta zura kanta waje, hawaye yana bin tamojin fuskarta.

"Ladi," in ji ta, "don Allah ku ci gaba. Tana sha."